Akwatin Tatsuniya a Garwa: Sharhi Kan Ɗaliban da Ke Ba Ƙananan Yara Labari da Zane

A cikin shekarar karatun da ta gabata wasu ɗalibai masu koyon aikin malanta sun riƙa zagaya makarantun renon yara na unguwannin Garwa da ke arewacin Kamaru, ɗauke da wani ɗan akwatin katako da damin kwalaye masu zane, suna ba yara labari. Makarantar da nake cikin kwamitin iyayenta, wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a gefen unguwar Hausare, tana cikin waɗanda suka karɓe su, kuma tun daga lokacin iyaye da shugabannin wasu makarantu suke tambayata ko abin ya kai a ware masa lokaci da ɗan kuɗin sufuri. Amsar da nake ba su ita ce ya kai, har ya wuce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi shafar harshen da ake ba da labarin da shi a kan kyan zanen ko ingancin akwatin. Tunda amsar ta fi ƙarfin a gama ta a tsaye a bakin ƙofar makaranta, na ga ya dace in rubuta ta filla-filla.

Ɗaliban samari ne da 'yan mata, galibinsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, suna shirin jarrabawar CAPIEMP, wato takardar shaidar da ke ba mutum damar koyarwa a makarantar reno da ta firamare a Kamaru. Sukan zo su uku ko huɗu. Ɗaya yana tsayawa gefen akwatin yana ba da labari, ɗaya yana zama a kan tabarma cikin yara domin ya ja su su amsa, sauran kuma suna kula da masu tashi da masu kuka da masu neman zagayawa. Ba su yanka wa aikinsu farashi ba. Abin da suka nema shi ne kuɗin babur na zuwa da komowa, da ruwan sha, da ɗan teburin da za a ɗora akwatin. Ladabinsu ba shi da abin kushewa: ba sa shiga aji sai sun tsaya sun gaishe da shugabar makarantar, ni kuma Baba suke kirana, kuma ko da na yi musu gyara a gaban abokansu ban ga wanda ya ɓata rai ba.

Akwatin aikin kafintan gari ne, ba abin da aka yo oda daga waje ba. Faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana da ƙyaure uku a gaba, biyu suna buɗewa dama da hagu, ɗaya yana ɗagawa sama, bayansa kuma a buɗe yake. A gefe ɗaya akwai tsaga inda ake zura kwalayen gaba ɗaya, goma sha biyu ko goma sha shida, a jere bisa tsarin labarin. Yara suna ganin kwali na farko ta tagar gaba, idan an gama da shi sai mai labari ya zare shi ta gefe ya mayar da shi can baya, na biyu ya bayyana. Dabarar da ke ciki ita ce ta rubutun. Maganar da ta dace da kwali na farko ba a bayansa take ba, a bayan kwali na ƙarshe take, domin shi ne yake fuskantar mai labari a wannan lokacin. Maganar na biyu kuma tana bayan na farko, wanda aka riga aka mayar baya, haka har ƙarshe. Ta haka mai labari yana iya satar kallon rubutunsa ba tare da ya juya wa yara baya ba, kuma ba tare da hannunsa ya rufe zanen ba. Wanda ya taɓa ganin malama tana karanta littafi sannan tana juyo da shi tana zagayawa da shi layi-layi, kafin na ƙarshe ya gani na farko ya riga ya koma wasa da takalminsa, zai gane girman wannan bambancin.

Wannan salo ba ƙirƙirar ɗaliban ba ce, kuma su ma ba su ce tasu ba ce. Daga Jafan ya fito, inda ake kiransa kamishibai. Ko da yake limaman addinin Buda na can sun daɗe suna wa'azi da zane-zane a naɗaɗɗun takardu, siffar da muka gani ta samo asali ne a titunan Tokiyo wajen shekarar 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, mutane da yawa suka rasa aikin yi. Mutum sai ya ɗaure akwati a bayan kekensa, ya shiga unguwa, ya buga 'yan katakai biyu yara su taru, ya sayar musu da alewa, sannan ya ba da labari, ya tsaya a daidai inda ya fi daɗi domin gobe su dawo da kuɗin wata alewar. Daga baya ne masu koyarwa suka ga amfaninsa: wata mata mai suna Imai Yone ta fara koyar da labaran addinin Kirista da shi a 1933, Takahashi Gozan kuma ya fara buga na makarantun reno a 1935. Hukumomin Jafan sun yi farfaganda da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin ya sake bunƙasa a tituna, sannan talabijin, wadda ta fara aiki a ƙasar a 1953, ta janye masa 'yan kallo har masu keke suka watse. A makarantu da ɗakunan karatu ya tsira, daga can kuma ya bazu zuwa Turai da sauran duniya, har ƙungiyar da aka kafa a Jafan a 2001 domin yaɗa shi ta ware masa ranar 7 ga Disamba.

Na kawo wannan tarihin ne saboda abu ɗaya da ke cikinsa. Mai keken Tokiyo yara ne alƙalansa, domin idan labarinsa bai riƙe su ba, gobe ba wanda zai sayi alewa, gidansa a kwana da yunwa. Ɗalibanmu kuwa alƙalinsu malamin da zai ba su maki ne, kuma kamar yadda suka bayyana mini, abin da ake aunawa shi ne ingancin Faransancinsu da bin tsarin darasi daki-daki. Duk abin da ya yi kyau a aikinsu ya faru ne a lokacin da suka manta da mai ba da maki suka dubi fuskokin yara, abin da ya gaza kuma ya gaza ne a lokacin da suka tuna da shi.

Mafi kyan abin da suka kawo mana shi ne tatsuniyar Gizo da Giwa da Dorina, wadda wata ɗaliba Bahaushiya ta zana da hannunta kuma ta bayar da bakinta. Kafin ta buɗe ƙyauren ta ɗauki tsinken ciyawa ta ƙulla, ta ce ta ɗaure Gizo tunda rana ce, kamar yadda muke yi muna yara domin kada mai tatsuniyar rana ya ɓata. Manyan da ke tsaye a baya suka yi murmushi, yaran kuma suka nemi a nuna musu ƙullin. Sannan ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” aka amsa mata da “Ta zo mu ji ta,” ko da yake sai da ɗalibin da ke kan tabarma ya koya wa yawancin ajin amsar, abin da ya sosa mini rai ƙwarai, domin da yawansu 'ya'yan Hausawa ne kuma kakanninsu suna raye a cikin gidajensu. Labarin sananne ne. An yi yunwa, Gizo ya je wurin Giwa ya karɓi bashin hatsi da sunan Dorina, ya koma wurin Dorina ya karɓa da sunan Giwa, ya yi wa kowacce alkawarin doki idan kaka ta yi, da lokacin biya ya zo sai ya miƙa wa kowacce bakin igiya guda ya ce ta ja dokinta.

A nan ne akwatin ya nuna abin da littafi ba zai iya ba. Ta zana Giwa a kan tudu tana jan igiya, igiyar ta miƙe har ta fita daga bakin kwalin. Maimakon ta zare kwalin gaba ɗaya, sai ta ja shi rabi ta tsaya, Giwa ta matsa zuwa hagun 'yan kallo, daga dama kuma Dorina ta leƙo daga cikin ruwa riƙe da ɗaya bakin igiyar, igiyoyin kwalayen biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Idan ta ƙara ja, sai a ga Giwa ta yi nisa da kogi kamar ta rinjaya; idan ta tura, sai a ga ana janyo ta bakin ruwa tana turjiya. Ajin ya rabu biyu ba tare da wani ya raba shi ba, wasu suna zuga Giwa, wasu suna zuga Dorina, kuma masu goyon bayan Dorina sun fi yawa, wanda ba abin mamaki ba ne, domin dorina ba baƙuwa ba ce ga ɗan Garwa, tana nan a kogin Binuwai, kuma akwai yaron da ya miƙe tsaye ya shaida wa ajin cewa ya taɓa hango kanta daga kan gada. Na lura da wani abu kuma, cewa tunda kwalin hagu yake fita, sabon zane kullum daga dama yake fara bayyana, yaran da ke zuwa makarantar allo da yamma kuwa idonsu ya riga ya saba farawa daga dama, saboda haka sukan riga sauran gane abin da ke tafe.

Ɗalibar ba ta dubi bayan kwali ba tun daga farko har ƙarshe. Ta yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ta yi ta Giwa da nauyi, ta yi shiru inda ya kamata a yi shiru, kuma idan yaro ya jefo magana sai ta ɗauka ta saka cikin labarin maimakon ta tsawatar masa. Da ta kai ƙurunƙus ta rufe ƙyauren uku ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi kowa komai ba. Malamar ajin ta gaya mini cewa kwanaki bayan haka yaran suna ta ja-in-ja da igiya a lokacin hutu, wannan Giwa, wannan Dorina, ana rigima kan wanda zai zama Gizo. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma abin da na gani a wannan ajin ya nuna mini cewa a wurin yaro ɗan shekara huɗu ji ne yake ɗaukar gani ya kai shi inda za shi, domin zanen ɗalibar ba wani na a zo a gani ba ne, Giwarta ma ƙafafunta ba su daidaita ba, muryarta da harshenta ne suka raya shi.

Shaidar haka ita ce labarin da ya biyo baya a wani zuwan, na wani yaro da ba ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Batun yana da muhimmanci, ba wanda ya zauna a arewacin Kamaru da zai raina maganar wanke hannu alhali ya san yadda kwalara ke dawo mana lokaci zuwa lokaci, kuma zanen ya fi na Gizo kyau nesa ba kusa ba. Amma da Faransanci aka rubuta shi, ɗalibin kuma ya laɓe a bayan akwatin ya karanta shi jimla bayan jimla, da kyakkyawan lafazi, ba kuskure ko ɗaya. Yaran sun kalli kwali na farko da na biyu, a na uku aka fara tsokanar juna, kafin a kai rabi ɗalibin da ke kan tabarma ya koma mai raba faɗa. Da aka gama aka tambaye su darasin da suka koya, 'yan kaɗan suka maimaita jimlar da aka ɗora musu a baki, aka tafa musu, aka tashi. Na tambayi jikata a gida abin da ya sami yaron cikin labarin, ta ce yana da jar riga.

Ba Faransanci nake ƙi ba, kuma ina so a fahimce ni a nan. Da shi yaranmu za su yi karatu daga shekara shida da suke shiga firamare, da shi za su rubuta jarrabawa, da shi za su nemi aiki a Garwa ko Ngaundare ko Yawunde, kuma uban da ya biya kuɗin makarantar reno yana da haƙƙin ya ji ɗansa ya dawo gida da sababbin kalmomi. Amma yaron da ya shiga makarantar reno yana ɗan shekara huɗu, daga gidan da ake Hausa ko Fulatanci, bai mallaki Faransancin da zai ɗauki labari mai farko da tsakiya da ƙarshe ba, iyakarsa gaisuwa da ƙirga da sunayen launuka. Dokar ƙasa ma ba ta hana abin da nake nema ba. Tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996, wanda ya tabbatar da Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma, shi ne kuma ya ɗora wa gwamnati kare harsunan gida da bunƙasa su, dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta lissafa bunƙasa harsunan gida cikin manufofin makaranta, manhajar da ma'aikatar ilimin farko ta fitar a 2018 kuma ta ba harsuna da al'adun gida gurbinsu. Tsoron da ɗaliban ke ji na yin Hausa a gaban aji al'ada ce da suka gada daga yadda aka koyar da su, ba doka ba ce.

Akwai wahala ta gaskiya a ciki, ban musa ba. Ajinmu ba na Hausawa zalla ba ne, akwai 'ya'yan Fulani, akwai na Fali da Tupuri da Mundang, akwai 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu, ɗaliban su ma daga ƙabilu dabam-dabam suka fito, kuma ba dukansu ke jin Hausa ba. Amma Garwa gari ne da Fulatanci ya haɗa kasuwarsa da titinsa, yaron da ba ya jin sa ko kaɗan ba shi da yawa. Wani ɗalibi Batupure ya warware matsalar ta hanyar da nake ganin ita ce ta dace a ɗauka. Ya ba da labarinsa na zomo da kura da Fulatanci, abokiyar aikinsa tana jefa Hausa daga kan tabarma inda ta ga wani ya tsaya, da ya gama bai rufe akwatin ba, sai ya sake bin kwalayen da sauri, wannan karon da gajerun jimlolin Faransanci, yana nuna kowane abu da yatsa yana kiran sunansa. Tunda yaran sun riga sun san abin da zai faru, hankalinsu ya koma kan kalmomin, suna rige-rigen faɗa kafin ya faɗa. A wannan safiyar sun fita da labari, sun kuma fita da Faransancin da ya fi wanda labarin wanke hannu ya bar musu, duk a cikin abin da bai kai rabin awa ba.

Wani abin da ke hana ɗaliban sakin jiki da Hausa shi ne rubutun bayan kwalin. Waɗanda suka yi ƙoƙarin rubuta Hausa sun rubuta ta ne da ƙa'idar Faransanci, ba ƙugiya a kan haruffa, kuma kowa da yadda ya ga dama, ta yadda idan mai kwalin bai zo ba wani ya karɓa, sai a ji yana tuntuɓe a kan kalmomin da ya sani sarai da baki. Wannan gyara ne na yini ɗaya idan aka sami wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya zauna da su, kuma mun yi musu tayin haka.

Game da zane, ingancinsa ya bambanta daga hannu zuwa hannu. Waɗanda suka zana da kansu, da baƙin layi mai kauri da launi mai ƙarfi, dabba ɗaya ko biyu a kwali, su ne zanensu ya isa layin baya. Waɗanda suka kwafo hotuna daga intanet suka buga sun kawo mana gidaje masu bututun hayaƙi a kan rufi, da itatuwan da ba su fitowa a ƙasarmu, da wata jar dabba mai gashin wutsiya da aka ce dila ce alhali ba dilan da ya yi kama da ita a dajin Binuwai, ga ƙananan abubuwa cunkus waɗanda ba a gani sai an matso. Ba laifi ba ne yaro ya ga duniyar da ba tasa ba, amma a fara masa da rumbu da darbejiya da kwalekwale da gonar auduga, abubuwan da zai iya kiran sunansu da kansa, domin kiran sunan shi ne rabin amfanin. Sun kuma lulluɓe wasu kwalayen da leda mai ƙyalli domin kada su lalace, niyyar mai kyau ce, sai dai a tsakar makaranta hasken rana yana dukan ledar ya koma idon yara, na gefe ba ya ganin komai sai walƙiya.

Waƙa ma ta yi ƙaranci. Tatsuniyar Hausa da yawa tana da 'yar waƙa a tsakiya wadda masu sauraro ke amsawa, kuma ita ce abin da yaro ke tafiya da shi gida ya rera wa ƙanensa. Cikin duk labaran da suka kawo, ɗaya ne kawai ya zo da waƙa.

Sauran ƙorafe-ƙorafena na tsari ne. Sun sha makara, kuma makara a Garwa ba ƙaramin abu ba ne, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, domin labarin da aka shirya yi da ƙarfe takwas da rabi idan ya koma sha ɗaya, yaran sun riga sun galabaita, ba Gizon da zai tashe su. Akwai ranar da shugabar makarantar, da kyakkyawar niyya, ta haɗa azuzuwa biyu wuri ɗaya, ɗaliban kuma kunya ta hana su cewa a'a. Akwati mai faɗin kamu ɗaya ba ya ɗaukar fiye da yara ashirin da biyar zuwa talatin, abin da ya wuce haka na baya miƙewa suke yi, na gaba su yi ƙara. Babban rauninsu kuwa shi ne rashin ɗorewa. Da jarrabawarsu ta matso suka ɗauke ƙafa ba sanarwa, yaran suna ta tambayar Malama ina masu akwati, ita kuma ba ta da amsa. Yaro ƙarami yana riƙe alkawari fiye da babba, kuma wanda zai zama malami ya kamata ya san haka tun kafin ya karɓi takardarsa. Na faɗa wa shugabansu wannan maganar ido da ido, ya ce, “Baba, gaskiya ne, a yi mana afuwa,” ya kuma yarda a rubuta ranakun zuwa tun farkon zango a manna a bango.

Wani uba daga cikin kwamitinmu, mutum mai ilimin addini da nake girmamawa, ya nuna damuwarsa kan zanen abu mai rai, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan ba tunda wasu makarantun za su gamu da irinta. Ba a yi gardama ba. An gayyace shi ya zauna ya kalla, ya ga cewa kwalayen ba a rataye su a bango ba, kayan koyarwa ne da ake mayarwa cikin jaka da zarar an gama, ya nemi kada a zana annabawa ko sahabbai ko wani abu mai alfarma, ɗaliban suka amince nan take. Shawarata ga kowace makaranta ita ce ta buɗe wannan maganar da iyaye kafin zuwan farko, kada ta bari sai wani ya ji a bakin ɗansa.

Wasu iyayen sun tambaye ni abin da akwatin katako zai ba yaro wanda wayar uwarsa ba ta ba shi ba, tunda a wayar ma zanen motsi yake yi, har da kiɗa. Tambaya ce mai ma'ana a ƙasar da talabijin ta shigo tun 1985 kuma yanzu kusan kowane gida da waya. Abin da na gani shi ne, waya ba ta jiran yaro. Ko ya gane ko bai gane ba, hoton ya wuce, kuma shi kaɗai yake kallo, kansa a sunkuye. Mai akwati kuwa idonsa yana kan yaran, idan ya ga sun ruɗe ya maimaita, idan ya ga sun tsorata ya sassauta murya, idan ya ga sun ƙagu ya riƙe kwalin ya ƙi zarewa har sai sun roƙe shi. Yaran kuma tare suke jin tsoro, tare suke dariya, mai jin kunya yana samun ƙarfin buɗe baki saboda na kusa da shi ya buɗe. Akwai wata yarinya a ajin da Malama ta ce tun farkon shekara ba ta taɓa ɗaga murya ba, ranar Gizo ita ce ta fi kowa yi wa Dorina kirari. Akwatin kuma ba ya bukatar lantarki ko caji ko kuɗin intanet, wanda duk mazaunin Garwa ya san darajar hakan.

Ga wanda ke tunanin gayyatar ɗaliban, hidimar ta fi dacewa da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida. Waɗanda ba su kai uku ba sun fi sha'awar taɓa ƙyauren a kan sauraron labarin. A sa su da sassafe, a cikin aji ko ƙarƙashin rumfa, hasken ya fito daga bayan yara ya sauka a kan kwalin, aji ɗaya a lokaci ɗaya, labari biyu ya isa. A nemi ganin kwalayen kafin ranar, kuma a faɗa musu ƙarara cewa ana so a fara da harshen da yaran ke ji sannan a bi da Faransanci, domin idan ba a faɗa ba Faransancin za su kawo shi kaɗai. A roƙe su su bar tambayar darasin da aka koya, ko su jinkirta ta zuwa gobe a bar wa malamar aji. Kuɗin babur ɗin a ba su a hannu ranar da suka zo, ɗalibai ne, da yawansu iyayensu suna ƙauye.

Mu a makarantarmu kwamiti ya yanke shawarar sake gayyatarsu a zangon da ke tafe bisa waɗannan sharuɗɗan. Mun kuma kai wa kafintan unguwa awon akwatin ya yi mana namu, domin malamanmu su ci gaba ko ɗaliban sun tafi jarrabawa, kuma Hajiya shugabar makarantar ta nemi iyaye mata su turo mana tsofaffin gidajensu da suka iya tatsuniya mai waƙa, ɗaliban su zauna gabansu su saurara su zana. Tsofaffi uku sun riga sun amsa, ɗaya daga cikinsu ta ce sharaɗinta shi ne a bar ta ta zo ta zauna a bayan aji ranar da za a nuna tata, domin ta gyara wa mai labari idan ya karkace waƙar.